Yadda malamin jami'a zai koya wa ɗalibai aiki da ƙirƙirarriyar basira bisa amana

Bara, a daidai lokacin da ƴan lisans, wato digirin farko, ke gudun kammala memuwar, kundin binciken ƙarshen karatu, wani yaro ya kawo mini babi na biyu na aikinsa a kan ajiyar wake. Faransancin ya yi santsi, har ya fi nawa. A ƙarshe ya jera littattafai da maƙaloli 12. Bayan isha'i na zauna ina bin su ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar 4 daga ciki ba a taɓa rubuta su ba a duniya. Marubutan na gaske ne, mujallar ma akwai ta, maƙalar ce babu. Da na tambaye shi washegari bai yi gardama ba, bai kuma ji kunya ba. Mamaki ya yi. Ya ce, "Wallahi Malam, haka ya ba ni."

Wannan "ya ba ni" ita ce ta hana ni barci. Yaron ya ɗauki ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ta ba shi jerin, malami ne da ya ba shi karatu. Mu kuwa da muka zauna a zaure mun san tambayar da ake yi wa mai kawo magana: wa ya ba ka, a wane littafi, shi kuma daga wa ya ɗauka? Aikin da ke gabanmu ke nan, mu mayar da wannan tsohuwar tambaya cikin aji. Hani ba zai yi ba, don wayar tana aljihunsu tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba 2022, ga Gemini, ga Meta AI da ya shigo har cikin WhatsApp. Abin da ke biye shi ne tsarin da nake bi a samesta guda. Wanda ke koyarwa a Jami'ar Dan Dikko Dan Kulodo ko a wata babbar makaranta ta kuɗi a nan Maradi zai iya sassaƙa shi daidai da ajinsa.

Ka fara da kanka

Mako guda kafin a koma, ka ɗauko tambayoyin jarrabawarka ta bara da ayyukan gida da ka saba bayarwa, ka ba na'urar su kamar yadda ɗalibi malalaci zai yi, ba gyara ba ƙari. Ka yi wa amsoshin maki bisa 20 tsakaninka da Allah. Duk tambayar da ta ci 14 ko fiye, ka sani daga yau ta daina auna ɗalibi in dai a gida zai amsa ta. Ka gwada manhaja biyu, kada ka tsaya kan ɗaya, kuma ka yi da ta kyauta, don ita ce a hannun yara. Ka ajiye hoton amsoshin da ta yi kuskure a ciki, za su yi maka amfani nan gaba.

Zama na farko: a fahimci mece ce

Kada ka buɗe da gargaɗi. Ka raba ƴan takardu, ka ce kowa ya rubuta, ba suna, wace manhaja yake amfani da ita da abin da yake yi da ita. In ka ce a ɗaga hannu ba wanda zai ɗaga. A takarda kuwa za ka ga gaskiya, kuma za ka ga da yawansu ba satar amsa ce ta kai su ba: wani gyaran faransanci yake nema, wata kuma bayanin darasin da ka yi da sauri take so a maimaita mata a hankali.

Daga nan sai ka yi musu wasan da na fi so. Ka ce, "Komai nisan jifa…" Ajin zai amsa baki ɗaya, "ƙasa zai faɗo." Ka ce, "Sannu ba ta hana zuwa…" su ƙarasa. Sai ka tambaye su: da kuka amsa, kun tsaya kun yi tunanin jifa da ƙasa? Ba su yi ba. Kunne ya saba, baki ya cika. To ka ce musu haka wannan na'ura take. An ɗura mata rubutu mai yawan da mutum ba zai karance ba ko zai yi shekara dubu, ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo wace, tana jera su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka ce, "A kasuwar Tibiri ranar Laraba, tiyar gero ta kai…" ka yi shiru. Su ma za su yi shiru, don ba su sani ba. Nan ne bambancin. Mutum mai kunya yakan yi shiru, na'urar kuwa sau da yawa sai ta cika gurbin da lambar da ta yi kama da gaskiya, da murya ɗaya da wadda ta faɗi abin da ta sani. Hausawa na da sunan wannan tun kafin a yi kwamfuta: shaci-faɗi.

Ka ƙara musu da cewa mafi yawan abin da ta karanta da Ingilishi yake, sai Faransanci da sauran manyan harsuna, Hausa kaɗan ce a ciki, abin da aka rubuta a kan Dakwaro ko Mayahi kuwa ya fi ƙanƙanta. Saboda haka tana da ƙarfi a kan dokokin Niyuton, tana da rauni a kan ƙofar gidanmu.

Zama na biyu: su kama ta da hannunsu

Wannan shi ne zuciyar aikin, kada ka yi masa rowar lokaci. Sa'o'i biyu cur, in da hali uku. Gani ya kori ji. Ko ka shekara kana cewa tana kuskure, ba za su yarda ba sai sun kama ta da kansu.

Ka raba su biyar-biyar, waya ɗaya ta ishi kowane rukuni. Ka sanar tun mako guda kafin ranar don a yi cajin waya a sayi forfe, kuma ka zo da amsoshin da ka buga a takarda saboda ranar da rezo zai ƙi ko NIGELEC ta ɗauke wuta. Kowane rukuni ka ba shi batun da ƴan cikinsa suka sani tun suna yara. Ƴan sashen noma su tambaye ta sassaben zamani, wato barin kututturen gawo da kalgo da sabara su toho a gona, aikin da ya yaɗu daga jihar Maradi tun shekarun 1980. Wasu su tambaye ta noman aya, wasu buhun PICS mai ninki uku na ajiyar wake, wasu yadda ruwan Gulbin Maradi ke zuwa da yadda yake ƙafewa. Ƴan kiwon lafiya su tambaye ta watannin da zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani a nan da dalili. Umarni biyu za su ba ta: ta yi bayani a shafi ɗaya, sannan ta kawo madogara 5 da sunan marubuci da shekara da mujalla.

Sai su kwafe amsar, su bi ta jimla-jimla da biro kala uku. Abin da suka tabbatar a wani wuri, shuɗi. Abin da suka tabbatar kuskure ne, ja. Abin da suka kasa tabbatarwa ko ƙaryatawa, baƙi. Ka lura da baƙin nan, shi ya fi yawa kullum, kuma shi ne darasin. Ɗalibi yakan ɗauka abin da bai kama da ƙarya ba ya zama gaskiya. Ka ce masa a'a, wannan magana ce marar uba, ba ta shiga memuwar sai an nemo mata dangi.

Madogaran kuma a bi su haka. A kwafi kan maƙalar daidai yadda yake a saka a Google Scholar. In bai fito ba, a nemi shafin mujallar a duba kundi da shekarar da aka ambata. In an ba da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala, a liƙa ta a doi.org a ga inda za ta kai. In ta kai ga maƙala ta gaske, aiki bai ƙare ba: a buɗe a karanta, a ga ko abin da aka jingina mata yana ciki. Nan ne ma ake yawan faɗuwa yanzu, domin manhajojin da ke leƙa intanet kafin su amsa sun rage ƙirƙiro maƙala, amma suna iya kawo ta gaske su ɗora mata maganar da ba ta yi ba.

In ka ga sun fara dariya suna ganin abin wasa ne, ka ba su labarin lauyoyin Niyok. A 2023, a wata shari'a da wani fasinja ya kai kamfanin jiragen sama na Avianca, lauyoyinsa sun miƙa wa kotu takarda ɗauke da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙaga. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000 ta Amurka a watan Yuni na shekarar. Bai kira na'urar ta amsa laifi ba, waɗanda suka sa hannu ya kama. Ka tambayi ɗalibanka: ranar sutnans, wato ranar kare memuwar, wa zai tsaya gaban juri, kai ko wayar?

Kafin a tashi, ka nuna musu inda take da amfani, in ba haka ba za su ce ƙiyayya ce kawai ta tsoho. Ka sa ta bayyana wani abu mai wuya ta hanyoyi uku, ko ta yi wa ɗalibi tambayoyi goma a kan darasin jiya ta jira amsarsa, ko ta nemo inda lissafin da aka yi da manhajar R ko Excel ya karkace. Ga yaron da ba shi da kuɗin mai ba shi darasi na musamman, wannan ba ƙaramin alheri ba ne.

Ƙa'ida a rubuce

Bayan sun gani da idonsu ne za a rubuta doka, kuma tare da su. Shafi ɗaya ya isa. Ni nakan raba ayyuka gida uku, in rubuta a saman kowane aiki gidan da ya faɗa. Akwai wanda aka hana taɓa na'ura sam, kamar jarrabawar aji da rahoton abin da ɗalibi ya gani a gona ko a asibiti. Akwai wanda aka yarda da sharaɗi: gyaran nahawu, neman bayani, tsara kanun aiki, amma tunani da hujja da lambobi na ɗalibi ne. Akwai kuma wanda ni da kaina na ce a yi da ita don a soki amsarta. Abin da ke jefa yara cikin laifi shi ne malamin safe ya ce haram, na yamma ya ce halas, na uku bai ce komai ba. In ba ka faɗa ba, kada ka hukunta.

Sharaɗin gida na biyu shi ne bayyanawa. A ƙarshen aiki ɗalibi ya rubuta layi uku ko huɗu, misali: "Na yi amfani da Gemini ranar kaza wajen gyara faransancin sashe na 2 da kuma fahimtar gwajin ƙididdiga na ANOVA. Lambobin tebur na 1 daga gonar gwaji na ɗauko su. Na buɗe kowace madogara na karanta." Ka yi musu alƙawari, ka kuma cika, cewa wanda ya bayyana ba zai rasa maki saboda bayyanawar ba. Ranar da ka rage wa mai gaskiya maki, ka koya wa ajin gaba ɗaya ɓoyo. Ƴan masta da masu shirin dakta ka gaya musu cewa manyan mujallu irin su Nature sun yanke tun farkon 2023 cewa ba a sa na'ura cikin jerin marubuta, domin ba ta ɗaukar alhakin abin da aka rubuta, amma dole a faɗi an yi aiki da ita.

Sirrin mutane

Wannan ɓangaren ne aka fi mantawa, ni kuwa shi ya fi ba ni tsoro. Ɗalibar kiwon lafiya ta dawo daga asibiti da bayanan marasa lafiya, suna da unguwa da ciwo, ta liƙa su a manhaja don a tsara mata tebur. Ɗalibin tattalin arzikin karkara ya yi hira da mata a wani ƙauyen Madarunfa a kan bashi da adashi, ya loda muryoyinsu don a rubuta masa. Matan nan sun yi magana ne don sun ga ɗan gari, mai gari kuma ya ce a ba shi haɗin kai. Ba su yarda a kai zancen bashinsu wata kwamfuta a ƙetare ba.

Ka koya musu abu uku a aikace. A cire suna da lambar waya da sunan ƙauye kafin a liƙa komai, a sa lamba a madadinsu, takardar da ke haɗa lamba da suna ta zauna a wuri dabam. A shiga saitin manhajar a kashe izinin yin amfani da hira wajen horar da ita, ka sa su yi a gabanka. In kuma abin ya shafi ciwo ko aure ko shari'a, kada a saka ko da an cire suna, don a ƙaramin ƙauye shekaru da yawan ƴaƴa sun isa a gane mutum. Ka tuna musu wannan ba ra'ayinka ba ne: Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukuma mai kula da ita, HAPDP. Ƙasashe 193 na UNESCO kuma sun amince da shawarwari kan ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira a Nuwamba 2021, kare sirri na cikin ginshiƙansu.

Kai ma Malam abin ya hau kanka. Memuwar ɗin ɗalibi da ba a kare ba amana ce a hannunka, ba a loda ta don a taƙaita maka ba tare da saninsa ba.

Sauya irin aikin da kake bayarwa

"Ka yi bayanin zaizayar ƙasa" ta mutu a matsayin aikin gida. Ka ce ya je gona guda, ya auna, ya ɗauko hoto, ya yi magana da mai gonar, ya kwatanta abin da ya ji da abin da littafi ya ce. Ka karɓi aikin kashi uku: tsari, daftari, gamamme, ka ware maki ga kowane. Sannan ka ƙara minti biyar na baka. Na san abin da za ka ce, ɗalibai 200 a anfi, babban ɗakin karatu, ina lokaci? Ka jefa ƙuri'a, ka kira 15 a kowane aiki, kowa ya san zai iya faɗowa kansa. Tambaya biyu ta isa: me ya sa ka zaɓi wannan hujjar, kuma in an sauya wannan lambar me zai faru?

Akwai aiki ɗaya da nake ba kowane aji. Takardar tambayoyin bincike da aka rubuta da Faransanci, su sa na'ura ta mayar da ita Hausa, sannan su karanta wa wata tsohuwa a gida. Sukan dawo suna dariya. Na'urar ta fi karkata ga Hausar da aka fi rubutawa a Najeriya, ga kalmomin ofis da ba wanda ke faɗa a Gidan Rumji, kuma ba lallai ta san cewa a nan jaka ɗaya sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5 ba. Wanda ya tambayi manomi kuɗin taki ya rubuta "dala ɗari" a matsayin sefa 100, ya rushe lissafinsa tun daga tushe. Tunda kundin mulkin Nijar da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, irin wannan fassara za ta ƙaru, kuma yaran nan ne za su riƙa sa mata hannu.

Kada ka ba da aikin da sai mai manhajar kuɗi zai yi shi da kyau. Dala 20 ta Amurka a wata, kuɗin irin wannan manhaja, ta haura jaka goma, wani ɗalibin kuɗin abincinsa ke nan. In aiki na buƙatar na'ura, a yi shi a rukuni ko a cikin aji.

In ka yi zargi

Za a kawo maka manhajar da aka ce tana gane rubutun na'ura. Kada ka rataye yaro da ita. OpenAI da kansa ya fitar da irinta a farkon 2023, ya janye ta a watan Yuli saboda yawan kuskure. A shekarar kuma masu bincike a Jami'ar Sitanfod sun gwada irin waɗannan manhajoji a kan rubutun Ingilishi na ɗaliban da ba harshen uwarsu ba ne, sai suka riƙa cewa fiye da rabinsu na'ura ce ta rubuta. Dalili shi ne wanda ya koyi harshe a lakwal yakan yi amfani da kalmomin da aka saba da jimloli masu bin ƙa'ida, abin da manhajar ke ɗauka alamar na'ura. Ka duba ajinka ka gaya mini wane ne Faransanci harshen uwarsa.

Abin yi shi ne ka kira shi ofis, shi kaɗai, ba a gaban abokansa ba. In ɗaliba ce ka bar ƙofa a buɗe ko ka gayyato wata malama. Kada ka fara da "ka yi sata". Ka buɗe shafi ka ce, "Karanta mini wannan sakin layi, ka faɗa mini da Hausa abin da kake nufi." Ka nemi daftarinsa da littafin da ya rubuta awon gona, ka ce ya buɗe maka madogara biyu. Cikin minti goma za ka sani, shi ma zai san ka sani. Karon farko nakan mayar da aikin a sake, da ragin maki. Ƙirƙirar lambobin bincike kuwa dabam take, wannan sai an kai gaban shugaban sashe a rubuce, domin lambar ƙarya a kan yawan maganin ƙwari ko awon maganin yaro tana iya fita daga takarda ta shiga gona ko asibiti.

Ƙarshen samesta

In ka yi amfani da na'urar wajen shirya darasi ko tsara tambayoyi, ka faɗa wa ajin, da irin layukan da ka ce su rubuta. Maki kuwa kada ka bar mata. Ɗalibin da ya zo yana ƙorafin 8 bisa 20 yana da haƙƙin ya ji dalili daga bakin wanda ya karanta aikinsa.

A makon ƙarshe ka sake raba ƴan takardun nan marasa suna da tambayoyin zama na farko, ka ƙara ɗaya: wane kuskure ka kama da kanka a wannan samesta? Ka haɗa amsoshin da shafin ƙa'idarka da takardun biro kala uku guda biyu ko uku, ka kai taron sashe. Abokan aiki da suka ce a hana kawai, da waɗanda suka ce a ƙyale yara, ka miƙa musu takardun su duba ja da baƙin da ke ciki, sannan ka nemi a amince da shafi ɗaya da duk malaman sashen za su liƙa a saman ayyukansu. Ka sa kwanan wata a ƙasansa, don manhajojin na sauyawa cikin watanni, kuma tambayoyin da ka gwada kafin a koma sai ka sake gwada su kafin samesta mai zuwa.